Makullin Zaure

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da safe cewa na bar Zuhura tsaye da jaririya a ƙofar gidan Gwaggo Tani na tafi harkokina, na ji, kuma na amsa laifina. Wanda yau ya fara leƙowa, ga inda muke: Zuhura ce ta gina shafin yanar gizon ƙungiyar manoman Kankiya da Kusada, wanda ake rajistar irin shuka ta cikinsa da waya. Ta yi haihuwar fari, ta gama wanka a gidan iyayenta a Kusada, yau kuma mijinta Hafizu ya kawo ta Dudunni yawon arba'in wurin ƙanwar babanta. To, ku matso.

*

Sallama uku Zuhura ta yi kafin a amsa.

Gidan da kullum ba ka rasa mata goma a tsakarsa, wannan ta zo aron waya, waccan ta zo a kira mata ɗanta da ke ci-rani, yau tsit yake. Kaji ne kawai ke tono a gindin turmi.

Gwaggo Tani na zaune bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafa, wayar na kan cinyarta. Ta karɓi jaririyar, ta tofa mata addu'a, ta shafa kanta. Amma ko ɗan wasan kaka da jika ba ta yi ba, matar da in ta fara tsokana sai an roƙe ta take bari.

"Gwaggo, ina mutanen gidan?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Zamna."

"Ban tambaye ki lafiya ba kika ce lafiya. Mi ya faru?"

Gwaggo ta juya wayar a hannunta, ta sake juya ta.

"Jiya anka manna sunayen masu samun iri a ƙofar mai unguwa."

"To?"

"Mata arba'in da uku munka yi rajista da wayar ga. Kwana huɗu suna zuwa, wata da goyo, wata ta baro tukunya bisa wuta. Kowacce in na sa sunanta, abin ya ce an karɓa. Da idona na gani, an karɓa, an karɓa. Ni na sa nawa daga ƙarshe. Yo a gidana ake yi, wayata ce, in riga su? Ai da kunya."

Gwaggo ta ci gaba.

"Sai Kubura ta tahi ta dubo takardar. Suna ɗaya tak ya hito daga unguwar ga."

"Sunan wa?"

"Tani Audi. Ni kaɗai."

Muryar Gwaggo ta karye a nan.

"Kubura, wadda ni na yanke ma ɗiyanta cibi su biyar, ta tsaya nan inda kike ta ce, 'Tani, ashe danna-dannen banza kike mana kina kallon idonmu.' Ɗiyata, shekarata sittin da wani abu a garin ga, ba a taɓa ce mani macuciya ba sai jiya. Ni ba irin ne ya dame ni ba. Su kwashe. Da wane ido zan shiga gidan suna ko gidan rasuwa?"

"Ba ni wayar."

Zuhura ta buɗe shafin yadda kowa ke buɗe shi. Ta danna wurin rajista. Abin ya yi ɗan juyi, ya buɗe.

Ta ƙura masa ido. Ta goge gilashin wayar da bakin mayafinta, kamar datti ne ke mata gizo.

Wannan ba aikinta ba ne.

Kore ne, nata shuɗi. Kuma babban abin, maɓallin nan da ta kafa a ƙasa da manyan baƙaƙe, wanda ke cewa "Ƙara wani suna a wannan lambar", babu shi, babu alamarsa.

Bari in tuna muku yadda abin yake, don kar wani ya ɓace a hanya. Bara shafin nan ya yi girman da ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Rukuni uku ke aiki a kansa, kowa na taka ƙafar kowa. Masu farashin kasuwa su gyara nasu, rajista ta karye. Masu labarin ruwan sama su taɓa wani abu, farashi ya ɓace. Kullum faɗa, kullum "wa ya taɓa?" Zuhura ce da bakinta ta kawo shawarar a raba fuskar shafin kamar gida: zaure ɗaya da kowa ke shiga ta cikinsa, sai ɗakuna daban-daban, kowane rukuni da nasa. Ka gyara ɗakinka lokacin da ka ga dama, ba sai ka nemi izinin maƙwabcinka ba, ba kuma ka rusa masa bango. Zauren ba ya komai sai nuna wa mai shigowa wace ƙofa ce ta wane ɗaki.

Shi ya sa aka tsare zauren da makulli biyu, ɗan abu ne kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta. Ɗaya na hannun Badaru, abokin aikinta da suka fara abin tare tun suna aron tebur. Ɗaya nata ne, ta ɗaura masa jan zare don kar ya ɓace mata a jaka. Sai an haɗa biyun ake iya sauya ƙofa.

Ɗakin Zuhura shi ne na rajista. Ta gina shi da sanin ƙauye, domin ta san a Dudunni waya ɗaya kan ɗauki unguwa guda.

Kuma wallahi abin da ya fi ci mata rai a wannan tsayuwar shi ne tuna jegon da ta yi. Innarta na faɗa, ruwan wanka na hucewa, kunun kanwa na yin sanyi, ita tana kan tabarma da kwamfuta a cinya tana ƙawata ɗakinta. Sabis ba ƙarfi, don haka ba ta bi ta zaure in za ta duba aikinta, kai tsaye take faɗawa ɗakin ta adireshinsa. Tana ganin komai tsaf, tana jin daɗi. Ashe ɗakin da ba mai shiga take sharewa.

"Gwaggo, yau wace rana?"

"Alhamis."

Takardar jiya ba ita ce ta ƙarshe ba. Yau ƙarfe huɗu ake rufe rajista. Abin da ke cikin jerin a lokacin, da shi za a loda mota.

"Ki aika a kira su duka. Har Kubura."

"Ba za su zo ba."

"Ki ce ni na ce. Ki ce laifin daga wurinmu yake, kuma kafin la'asar zan gyara. Su zauna nan, ki riƙe wayarki da caji. Ina kira, ki fara sa sunaye."

"Kin tabbata, ɗiyata? Kar in tara mutane in sake jin kunya."

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

Ta karɓi jaririyar ta fita.

Hafizu na jingine da mota a inuwar darbejiya, yana gaisawa da wani tsoho. Da ya ga fuskarta ya sallami tsohon.

"Har kin fito? Ko ruwa ba ki sha ba."

"Abban Ummi, Kankiya za mu. Ofis."

"Ofis kuma? Yau? Saura gidan Kawu Bube a garin Ƙofa fa, suna can sun dafa abinci suna jiranmu."

"An cire ɗakina daga shafin. An sa wani. Sunayen mata arba'in da biyu sun ɓace, ana ce wa Gwaggo macuciya."



"Subhanallahi. To ki kira Badaru mana, ya duba."

"Ba maganar waya ba ce."

"Zuhura, jiya-jiya kika gama wanka. Ki bari gobe in kai ki da safe, hankali kwance."

"Ƙarfe huɗu ake rufewa."

Ya zagaya ya buɗe mata ƙofa, har da sa hannu a saman ƙofar kar ta buge kai. Hafizu ke nan. Tun tana da ciki yake lallaɓa ta haka, har ƙawayenta na cewa ta yi dace.

Sai dai mutumin da ake yi wa faɗan gudu a titi, yau tafiya yake kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Ya tsaya shan mai alhali tankin bai yi rabi ba. Ya tsaya a duba iskar taya. Da aka kira azahar ya ce gara su yi a hanya, ya kuma daɗe a addu'a. Zuhura ba ta kawo komai a ranta ba. Hankalinta duk yana kan abin da za ta faɗa wa Badaru.

Ƙarfe biyu saura kwata suka tsaya a ƙofar ofishin.

"Kawo ta in riƙe, ta yi barci," in ji Hafizu. "Ki yi a hankali, don Allah. Ban da ɗaga murya."

Ta miƙa masa Ummi ta haye bene.

Ɗaki ne guda mai tebur huɗu da fanka mai ƙara. Badaru na tsaye yana cin gyaɗa. A kusurwa Adawiyya ce, aminiyarta, wadda Zuhura ta koya wa aikin da hannunta tun ba ta san inda ake kunna kwamfuta ba. A hannun Adawiyya ta bar makullinta ranar da za ta tafi goyon ciki.

"A'a! Maman Ummi!" Badaru ya washe baki. "Ashe an fito. Ina amaryar tamu?"

"Malam Badaru, wa ya toshe ƙofar ɗakina?"

Gyaɗar ta tsaya masa a hannu.

"Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Wa ya toshe ƙofar ɗakina?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai tana kallon allon kwamfutarta, wanda ba komai a kansa.

"Zauna mana mu yi magana."

"A tsaye zan ji."

Badaru ya kakkaɓe hannu.

"Ba toshewa aka yi ba, sauyawa aka yi. Rukunin su Musa sun gina sabon ɗakin rajista. Ya fi sauƙi, ya fi saurin buɗewa, ba ya cin data. Ai amfanin rabon da kika kawo ke nan, a cire ɗaki a sa wani ba tare da an taɓa sauran ba. Ke kika koya mana."

"Na koya muku ku cire nawa ina kwance?"

"Kuma ya toshe ɓarna. Lamba ɗaya, mutum ɗaya. Kin manta mutumin da ya yi rajistar suna tara bara, har da na jakinsa?"

"Na tuna. Na kuma tuna ni na kama shi."

"To kin gani. Bana jerin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk na bogi sun zube. Shugaban ƙungiya har yabo ya yi mana."

Zuhura ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Malam Badaru, yaushe rabonka da Dudunni?"

"Mi ya kawo wannan?"

"Mata nawa ke da waya a unguwar Gwaggona?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ɗaya. Ita kaɗai. Mata arba'in da uku suka yi layi a gidanta kwana huɗu. Buɗe, ka sa lambarta, ka gaya min suna nawa ka gani."

Ta karanto lambar da ka. Ya zauna, ya danna. Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Ɗaya."

"Sauran fa?"

Ya sake dannawa. Ya shiga nan, ya fita can. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi duk da fankar.

"In an sa sabon suna a lamba ɗaya... yana hawa kan na baya."

"Ya shafe shi."

"Ya shafe shi."

"Ya kuma ce wa mai wayar an karɓa."

Zuhura ta nuna masa allon da yatsa.

"Duba ƙauyen Sukuntuni. Duba Ƙofa. Kashi ɗaya cikin ukun da ake yaba maka, ba 'yan bogi ba ne. Matan da ba su da waya ne, da tsofaffin da ke zuwa wurin liman ya danna musu. Su ka zubar. Kuma a kowace unguwa akwai mutum ɗaya mai kirki da ya ba da aron wayarsa, wanda yau ake nuna shi da baki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Badaru ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Ni dai ban tausaya masa ba, ban sani ba ko ku. Mutum ya zauna a ƙarƙashin fanka ya yanke wa ƙauye hukunci, sannan ya zo yana salati.

"Za a iya dawo da sunayen?" Adawiyya ce ta tambaya, murya can ƙasa.

"Waɗanda aka shafe sun tafi," in ji Zuhura, ba ta ko kalle ta ba. "Amma ɗakina na nan da ransa. A mayar da ƙofar, minti biyar ne. Gwaggo ta tara matan, kafin huɗu za ta gama sa su. Sauran unguwannin mu bi su da waya, abin da ya samu ya samu."

Badaru ya jawo aljihun tebur da sauri ya fito da makullinsa.

"Ga nawa. A yi yanzu."

"Za a yi. Amma sai ka amsa min abu ɗaya. Zaure ba ya sauyuwa da makulli ɗaya. Da sa hannun wa aka yi?"

Ya ɗago ya dube ta, dubawar mamaki ta gaske.

"Kamar yaya da sa hannun wa?"

"Hausa na yi."

Ya juyo mata da allon. Ga shi nan a rubuce, layi biyu. Na sama Badaru Gajere. Na ƙasa Zuhura Abdulbaƙi.

Sunanta. Da na mahaifinta a jiki.

A hankali ta juya wajen kusurwa.

"Adawiyya."

"Wallahi Adda Zuhura..."

"Kar ki rantse. Na ɗauko ki ba ki san komai ba. Na zaunar da ke a gefena shekara biyu. Da zan tafi ban ba ɗan'uwana makullin nan ba, ban kai shi gidanmu ba, ke na ba. Na ce miki amana. Sau nawa kika zo duba ni a Kusada? Kika ci tuwon Innata, kika ɗauki ɗiyata, kina kallona ina fama da kwamfuta da ɗanyen jiki, ba ki ce min komai ba?"

Hawaye suka ɓalle wa Adawiyya.

"Ki duba ranar."

"Ba abin da zan duba."

"Don girman Allah ki duba ranar, da lokacin."

Zuhura ta mayar da ido kan allon. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. Ranar kuwa ba ta buƙatar kalanda, ko a barci aka tashe ta za ta faɗe ta.

Ranar sunan Ummi.

"Ƙarfe sha ɗaya ranar suna ina ina?" Adawiyya na magana tana shessheƙa. "Tun asuba ina gidanku. Ni na ɗaura miki ɗankwali. Ni na raba waina. Sai bayan magariba na tafi, ke kika ce in tafi da sauran naman. Ta yaya zan kasance a Kankiya?"

Gaskiya ne. Akwai hotuna ma, Adawiyya na bayanta a kowanne.

Zuhura ta dafa tebur.

"To wa kika ba?"

Adawiyya ta dubi Badaru. Badaru ya dubi hularsa.

"Magana nake. Wa kika ba makullina?"

"Ana gobe suna ya zo gidanmu. Ya ce ke kika aiko shi."

"Wa?"

"Ya ce jininki ya hau, an ce kar a tayar miki da hankali da zancen aiki. Ya ce ko kin yi zancen ofis in bi ki da to, in sauya magana. Shi ya sa duk zuwan da nake ban taɓa... Adda, na ɗauka lafiyarki nake tsarewa."

"Jinina bai taɓa hawa ba. Adawiyya, wa?"

Badaru ne ya yi gyaran murya.

"Maman Ummi, ni wallahi na ɗauka kin sani. Da safen ranar, bayan an raɗa suna, ya shigo nan da goron suna da alewa a leda. Ya ajiye a teburin nan. Ya ce kin yanke shawarar ajiye aiki ki rungumi ɗiyarki, kunya ce ta hana ki faɗa min da bakinki. Ya ce tunda su Musa sun gama nasu ɗakin, ki ce a sa shi, kin yafe. Shi da kansa ya soka makullin."

Zuhura ta tuna ranar. An shafa fatiha, maza sun watse, aka nemi angon ƙarni a yi hoto aka rasa. Da ya dawo wajen azahar ya ce lemo ya je ƙarowa.

Ta san amsar. Amma zuciya ba ta yarda sai ta ji da kunne.

"Faɗi sunan."

"Malam Hafizu."

Fankar ta ci gaba da ƙararta. A ƙasa wani mai mota na ta danna oda.

"Ba ka kira ni ba," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Shekara huɗu muna aiki tare. Aka ce maka na ajiye abin da na gina da hannuna, ba ka ɗaga waya ka ji daga bakina ba."

"Ta yaya? Mijinki ne fa ya zo. In kira matar mutum, tana jego, in ce mata, abin da maigidanki ya faɗa gaskiya ne? Ke kin san ba a yin haka."

"Ba a yi. Kuma ya yi maka daidai da ba a yi."

Bai musa ba. Ya daɗe yana son sabon ɗakin nan, kowa ya sani, sai ga shi an kawo masa har tebur da goro a kai.

Zuhura ta zauna a kujerar da ta ƙi zama ɗazu. Ba Badaru ne ya ƙona mata rai ba, shi abokin aiki ne, an saba. Ba Adawiyya ba. Mutumin da yake zama a bakin tabarmarta a Kusada yana kallonta tana aiki, yana ce mata sannu, yana tambaya ko ya ƙaro mata data. Ya san ɗakin a toshe yake. Kwana talatin da uku yana sayo mata data tana zubawa a ɗakin da shi ya toshe. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata ki bar aikin nan ba, da ya faɗa da sun yi magana, ko su yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ma ta bari. Sai ya bi ta bayanta ya ari bakinta ya yi magana da shi.

Sai yanzu shan man ɗazu ya dawo mata. Da iskar taya. Da doguwar addu'ar.

Ta dubi agogon bango. Biyu da minti goma.

"Ya dawo miki da makullin?"

Adawiyya ta girgiza kai.

"Ya bar shi a nan?"

"Da shi ya tafi," in ji Badaru.

Kukan jaririya ya taso daga matakalar bene, yana matsowa. Aka yi sallama a hankali, irin sallamar mai ladabi.

Hafizu ya shigo rungume da Ummi a ƙirji, yana jijjiga ta.

"Ta tashi, ina jin yunwa take ji. Malam Badaru, barka da aiki. Adawiyya, ya gida?"



Ya dubi fuskar Adawiyya da ta jiƙe. Ya dubi allon da ke juye, da layukan nan biyu. Murmushin ya bushe masa a baki.

Zuhura ba fuskarsa take kallo ba. Hannun ɗiyarta take kallo.

Kun san jariri, duk abin da ya taɓa tafin hannunsa sai ya damƙe. Ɗan hannun Ummi na kan aljihun gaban rigar babanta, ta dunƙule shi gam. Tsakanin 'yan yatsunta wani jan zare ne ya leƙo, ta jawo shi waje har rabi.

Zuhura ta miƙe. Ta taka har gabansa. Ta buɗe tafin hannunta.

"Abban Ummi. Ba ni."

"Zuhura, mu je gida. Zan yi miki bayani a gida."

"Za ka yi. Ba ni tukuna."

"Ba a gaban mutane ba."

"A gaban mutane ka soka shi."

Wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ba ta janye hannun da ta miƙa ba, da ɗayan ta laluba ta ɗaga. Ɗakin ya yi shirun da kowa ke jin muryar da ke fitowa, da hayaniyar mata a bayanta.

"Ɗiyata? Ga su nan duk sun zo, tsakar gida ta cika. Har Kubura, ga ta nan zamne kusa da ni. Na ce masu ɗiyar wana ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Mu hwara?"

Idon Zuhura na cikin na mijinta.

Hafizu ya sunkuyar da kai. Ya kama ɗan hannun Ummi, ya buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ba zai ji mata ciwo ba. Ya zare jan zaren.

Ya tura shi can cikin aljihu, ya ɓalla maɓallin.

"Ɗiyata? Kina jina? Mu hwara?"